Wai Wa'adin Najeriya Ya Ƙare Tun 2014?

Da zarar zaɓe ya gabato, ko rigima ta ɓarke tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu a wata kasuwa, sai wani tsohon saƙo ya sake tasowa a WhatsApp da Facebook. Wai lokacin da Turawa suka haɗa Kudu da Arewa a 1914, yarjejeniya aka ƙulla ta shekara ɗari. Wai wa'adin ya cika ranar 1 ga Janairun 2014, saboda haka tun daga ranar babu wata ƙasa mai suna Najeriya a idon doka, kowa yana da damar kama gabansa. Wani ya rubuto, wani ya aiko da murya, yana magana ƙasa-ƙasa irin ta wanda ya bankaɗo sirrin da manya suka ɓoye. Na gaji da ganin wannan magana. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ba marasa karatu kaɗai ke yaɗa ta ba. Akwai masu digiri a ciki, akwai malaman makaranta, akwai masu kiran waya a gidajen rediyo su faɗe ta da ƙarfin hali, mai gabatar da shiri kuma ya ce musu an gode, ya wuce.

Ita kanta muhawarar da maganar ta raɓa a jikinta ba ta da laifi. Mutane sun daɗe suna jayayya a kan wane lamari ne ya fi tasiri wajen mayar da ƙasar nan yadda take a yau. Wani ya ce jihadin Shehu Usmanu na 1804, wani ya ce zuwan Nasara da faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, wani ya ce haɗewar 1914, wani ya ce samun mulkin kai a 1960, wani ya ce juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa, wani kuma ya ce ai duk surutu ne, man fetur ne ya canza kome. Kowa da hujjarsa, kuma zama a yi wannan jayayya alama ce ta mutanen da suka damu da ƙasarsu. Inda gizo ke saƙar shi ne idan aka shigo da ƙarya aka aza gini a kanta.

Mu fara da abin da kowa ya sani: yarjejeniya sai da ɓangare biyu. To su wa suka zauna da Turawa a 1914? Wa ya wakilci Arewa, wa ya wakilci Kudu? Kafin wannan shekara ai kusan duk ƙasar tana hannun Ingila. Sun karɓe Ikko tun 1861. Kamfanin Royal Niger ya samu izinin mulki da ciniki a bakin Kwara a 1886, daga baya gwamnatin Ingila ta biya shi fam 865,000 ta karɓi ragamar, aka kafa tutarta a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na wannan shekarar. A 1906 aka murƙushe Satiru, a shekarar kuma aka haɗa Ikko da sauran Kudu. Wanda ya ci ƙasa da bindiga, me zai kai shi neman sa hannun wanda ya ci? Abin da ya faru a 1914 umarni ne da aka rubuto daga Landan a ƙarshen 1913, da sunan Sarkin Ingila, cewa a haɗa yankunansa biyu ƙarƙashin gwamna guda. Gwamna Lugga ya shelanta shi ranar 1 ga Janairu. Ba a nemi yardar Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ba, ba a nemi ta Sarkin Kano Abbas ba, haka Alafin na Oyo da sauran sarakunan Kudu. An dai kafa wata majalisar ba da shawara bayan haɗewar, aka sa 'yan ƙasa shida a ciki, majalisar da ke zama sau ɗaya a shekara ta saurari jawabin gwamna, ba ta da ikon zartar da kome.

Idan kuma wani ya ce maka shugabanninmu na farko ne suka sa hannu, yi masa lissafi kawai. An haifi Azikiwe a 1904, a Zungeru ma. An haifi Awolowo a 1909. Tafawa Ɓalewa 1912. Sardauna bai wuce shekara biyar ba a lokacin. Yaran da ko allo wasunsu ba su fara ɗauka ba, su ne suka ƙulla wa ƙasa wa'adin ƙarni guda?

Dalilin haɗewar ma ba ɓoyayye ba ne, Turawan da kansu sun rubuta. Kuɗi ne da jirgin ƙasa. Arewa ba ta da bakin teku, saboda haka ba ta da kuɗin kwastan, kuma kuɗin da gwamnatin Turawa ke tarawa a cikinta ba ya isar ta gudanar da mulki, sai baitulmalin Ingila ya cika mata duk shekara. Kudu kuwa tana da rara, kuma kaso mai tsoka na rarar daga harajin barasar da ake shigowa da ita ne. Ingila ba ta son ciyar da ƙasar da ta mallaka daga aljihunta, sai ta ga mafita ita ce a haɗa asusun biyu. Ga kuma layin dogo da ya iso Kano a 1911, hukumomin Arewa da na Kudu suna ta ja-in-ja a kan yadda za a tafiyar da shi. Sakataren ƙasashen mulkin mallaka na lokacin, Lewis Harcourt, wanda sunansa garin Fatakwal ya ci, har ba'a ya yi a wani jawabi a 1913, ya kwatanta abin da aurar da saurayi mai ladabi ga wata mace mai dukiya daga Kudu. Mutumin da ke neman sauke wa baitulmalinsa nauyi, kuma yake ganin mulkin Ingila zai dawwama, me zai sa ya rubuta ranar rabuwa?

Ni a nawa zaton, tushen ruɗanin daga wata nahiya ya zo. Kafin Lugga ya dawo Najeriya a 1912, gwamna ne a Hong Kong tun 1907. Can kam akwai haya ta gaskiya: a 1898 Ingila ta karɓi wani yanki daga ƙasar Sin na tsawon shekara 99, aka rubuta, aka sa hannu, da wa'adin ya cika a 1997 aka mayar, duniya tana kallo a talabijin. Mai yiwuwa wani ne ya tsinci wannan labari rabi da rabi, ya ga sunan Lugga a ciki, ya ɗora wa Najeriya. Amma a lura da bambancin. Takardar Hong Kong tana nan, kowa na iya nemo ta ya karanta. Haka yarjejeniyar Sudan ta 2005, an san waɗanda suka sa mata hannu a Nairobi, an san ta yanka shekara shida kafin ƙuri'ar raba gardama, aka yi ƙuri'ar a Janairun 2011, Sudan ta Kudu ta ɓalle a watan Yuli. Haka yarjejeniya mai wa'adi take: da masu sa hannu, da ranaku, da shaidu. Tamu fa, ina take? Shekara da shekaru ana maganar, har yau ba wanda ya fito da shafi ɗaya. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙas.

Sai masu maganar su ce ai ɓoye takardar aka yi. To mu duba mutanen da suka fi kowa buƙatar ta da tana nan. A watan Maris na 1953, bayan Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin cewa a ba ƙasar mulkin kai a 1956, aka yi baram-baram a majalisa a Ikko, Sardauna da bakinsa ya kira haɗewar 1914 kuskure. Bai ce tana da wa'adi ba. A taron tsarin mulki na 1954, jam'iyyar Awolowo ta nace a rubuta wa kowace jiha 'yancin ɓallewa, jam'iyyar Azikiwe ta ƙi, Turawa ma suka ƙi, maganar ta mutu. Awolowo lauya ne da ya yi karatu a Landan. Da akwai sharaɗin rabuwa a ajiye, don me zai wahalar da kansa neman sabo? Ojukwu, wanda ya karanta tarihi a jami'ar Oxford, ya shelanta Biyafara ranar 30 ga Mayun 1967, ya jero hujjojinsa, babu wannan a ciki. Duk waɗannan ba su gano ba, sai mai saƙon murya ne ya gano?

A ce ma, don a kashe gardama, akwai irin wannan sharaɗi a umarnin 1913. Ai umarnin ya daɗe da mutuwa. Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 ya zo, na Richards na 1946 ya biyo, sai na Macpherson a 1951, sai na Lyttelton a 1954. A 1960 majalisar dokokin Ingila ta yi doka ta sakar wa Najeriya mulkinta kacokan. A 1963 muka zama jamhuriya, muka cire Sarauniya daga shugabancin ƙasa. Kundin 1999 da ake aiki da shi yanzu, a sashensa na biyu, ya ce Najeriya ƙasa ɗaya ce da ba ta rabuwa. Kana iya ƙin wannan kundi, kana iya cewa soja ne suka rubuta shi, mutane da yawa suna faɗin haka kuma suna da hujja. Amma shi ne dokar da kotu ke dubawa, ba wata takardar Landan ta zamanin kakanni ba. Shekarar 2014 kuma ta zo ta wuce a gaban idonmu. Gwamnatin Jonathan ta yi bikin cika shekara ɗari, ta kira taron ƙasa mai wakilai 492 ƙarƙashin Mai Shari'a Idris Kutigi, aka yi watanni ana cacar baki a kan kason arziki da ƙirƙiro jihohi. Ba wakilin da ya ɗaga wata takarda ya ce ga wa'adinmu ya cika.

Akwai wani abin da masu wannan magana ba su taɓa tsayawa sun yi tunaninsa ba. Najeriyar 1914 ba ita ce ta yau ba ko a taswira. A ranar da Lugga ya yi shelarsa, Mubi da Gwoza da Bama da Dikwa da Ganye da tsaunin Mambila duk suna ƙarƙashin Jamus. Bayan yaƙin duniya na farko ne aka ba Ingila riƙonsu. A watan Fabrairun 1961, ƙarƙashin sa idon Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanen wannan yanki suka kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 60 cikin ɗari suka zaɓi Najeriya a kan Kamaru, aka kira wurin Lardin Sardauna. To idan wa'adin 1914 ya cika, su ina za su? Su da ƙuri'arsu suka shigo, ba Lugga ne ya kawo su ba.

Ni ban ma yarda 1914 ta kai matsayin da ake ba ta a muhawarar ba. Haɗin na takarda ne da na asusu. Lugga ya bar Arewa da mataimakin gwamnanta, Kudu da nata, kowanne da ma'aikatansa da tsarin karatunsa da na ƙasarsa. Majalisar dokokin da aka kafa a 1922 ba ta yi wa Arewa doka, gwamna ne ke yi shi kaɗai. Sai a 1947 wakilan Arewa suka fara zama a majalisa ɗaya da na Kudu, wato shekara 33 bayan an ce an haɗa su. Saboda haka idan ana neman ranar da 'yan ƙasa da kansu suka zauna suka yi cinikin zama tare, a nemi taron Badun na 1950. A can ne Sarkin Zazzau da Sarkin Katsina suka ce ko a ba Arewa rabin kujerun majalisar tarayya ko a koma yadda ake kafin 1914, aka kai ruwa rana, aka ba ta 68 cikin 136. Daga nan sai rikicin Kano na Mayun 1953 da ya ci rayuka aƙalla 36, wanda ya sa kowa ya gane ba za a iya mulkin ƙasar nan daga wuri guda ba, aka koma tsarin tarayya a 1954. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa ta jira sai 15 ga Maris 1959, ranar da Sakkwato ta faɗi shekara 56 da suka wuce. Waɗannan taruka su ne suka fi kama da yarjejeniya a tarihinmu, kuma babu wa'adi a ko ɗaya.

Amma idan aka matsa mini in zaɓi abin da ya fi sauya halin ƙasar nan, zan ce shekarun 1966 zuwa 1970. Daren 15 ga Janairun 1966 aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. A watan Mayu Ironsi ya yi doka ta 34 ya rushe tsarin tarayya, Arewa ta ɗauki kiran a raba, aka yi juyin mulkin ramuwar gayya ranar 29 ga Yuli, sannan aka yi wa Inyamurai mazauna Arewa kisan da bai kamata mu riƙa tsallake shi ba idan muna ba da labari, don dubban rayukan da ba su ji ba su gani ba ne suka salwanta. Ranar 27 ga Mayun 1967 Gowon ya yanka ƙasa jihohi 12, Jihar Arewa ta zama shida. Aka yi yaƙi na wata talatin, mutanen da suka mutu, yawancinsu da yunwa, ana ƙiyasta su daga rabin miliyan zuwa sama da miliyan biyu. Sojan da ba su wuce dubu goma ba suka koma wajen dubu ɗari biyu da hamsin, kuma suka riƙe mulki kusan shekara 29 a jimlace kafin 1999. A wannan tsakanin aka ƙwace wa sarakuna 'yan doka da kotuna da gidajen yari, har gyaran 1976 ya binne En'e gaba ɗaya. Jihar da a dā take riƙe rabin kuɗin ma'adinan ƙasarta ta koma jiran kason wata-wata daga asusun tarayya. Jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, da Abuja, da bautar ƙasa da aka fara a 1973, da rabon muƙamai jiha-jiha, da zargin juna da ke tashi duk zaɓe, duk 'ya'yan waɗannan shekaru ne. Man da aka samu a Oloibiri a 1956 shi ya ba wannan tsari abinci. Jihadin 1804 kuwa shi ya gina masarautun da Turawa suka tarar suka yi mulki ta hannunsu, amma labarinsa na wani rabin ƙasar ne. Wani yana iya saɓa mini, kuma ina maraba, in dai da hujja zai zo.

Me ya sa ƙarya irin wannan take samun kasuwa? Talauci da takaicin shugabanni suna ciki, 'yan siyasa masu cin riba da rarrabuwa suna ciki. Babban dalili dai shi ne an yi shekaru, tun wajen 2009, babu darasin tarihi a matsayin fanni mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi. Yaran da suka tashi a wannan giɓi su ne manyan masu riƙe da waya a yau.

Saboda haka, ɗan'uwa mai waya a hannu, idan irin wannan saƙo ya shigo maka, kafin yatsanka ya kai ga turawa, tambayi wanda ya aiko: ina takardar, su wa suka sa hannu, a wane gari? Idan ya ce shi ma turo masa aka yi, maganar ta ƙare a nan. Kada ka ji kunyar gyara wa babba, akwai yadda ake yi cikin ladabi, ka bi shi ta gefe ka ce ranka ya daɗe, wannan magana ba ta inganta ba. Mu da muke karanta Suratul Hujurati, muka san umarnin da ke cikinta na bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi, bai dace a same mu muna gaba-gaba wajen yaɗa abin da ba mu tantance ba. Wannan ba labarin nishaɗi ba ne. Saurayin da aka cusa wa cewa ƙasar ta riga ta mutu a doka, gobe idan rigima ta tashi ba zai ga laifin ƙona shagon baƙo ba, kuma muna da 'yan'uwa masu fatauci da dako da sayar da shanu da albasa a Ikko da Fatakwal da Onica waɗanda a kansu ramuwar za ta sauka.

Masu gabatar da shirye-shirye a rediyo, nauyinku ya fi na kowa. Idan mai kira ya faɗi ƙarya a iska kuka yi shiru, dubban mutane a ƙauyuka za su ɗauka gidan rediyo ne ya tabbatar. Ku tare shi nan take, ko ku gayyato malamin tarihi daga jami'a ya warware. Muna da su a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma yawancinsu ba za su ƙi zuwa ba. Malaman makaranta, kada ku tsaya ga haddar shekaru da sunayen gwamnoni. Ku raba aji biyu, waɗannan su kare 1914, waɗancan su kare 1966, kowa ya kawo hujja, yaro ya saba da cewa magana ba ta tsayawa sai da madogara. Ku kai su Gidan Makama a Kano, ko Gidan Arewa a Kaduna inda Sardauna ya zauna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ɗaliban jami'a kuma, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana da rassa a Kaduna da Badun da Inugu, kuma rahoton da Lugga ya rubuta da kansa a kan haɗewar an buga shi tuntuni. Ku je ku karanta, in kun ga shekara ɗari a ciki ku zo ku ƙaryata ni.

Iyaye, a gidajenmu har yanzu akwai tsofaffin da suka ga 1966 da idonsu, akwai waɗanda suka je fagen daga, akwai waɗanda suka ɓoye maƙwabcinsu a ɗaka har ƙura ta lafa. Ku sa yara su zauna da su, su ɗauki muryarsu a wayar nan da ake ɓata lokaci da ita, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Wanda kuma yake ganin zaman tare ya ƙi, yana son a sake fasali ko ma a rabu, ba ni da ikon hana shi ra'ayinsa. Ya fito fili ya faɗi dalilansa na yau, ya bi ta majalisa da gyaran kundin tsarin mulki, ya shawo kan jama'a da gaskiya. Amma don Allah ya daina jingina da takardar da ba ta taɓa wanzuwa ba, mu kuma mu daina taya shi yaɗawa.